Kabewar Innata a Bayan Randa

Cikin duk abin da ya same ni a zaman aurena na garin Rawayya, akwai guda ɗaya da ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. A idon mutane ba wani abu ba ne, 'ya'yan kabewa ne guda shida.

A lokacin ko jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Daga Tsafe aka kawo ni, kuma ranar da za mu taso mahaifiyata ta ƙulle mini irin kabewarta a bakin zane. Kabewa ce mai jan ciki da garɗi, ita ma a wajen uwarta ta gaje ta. Wata biyar da tarewata aka aiko cewa Allah ya yi mata rasuwa. Kafin in isa an riga an kai ta makwanci. Ɗan ƙullin nan shi ne kaɗai abin hannunta da ya rage mini.

Da bazara ta kama na kasa jiran ruwan sama. Na cika wani tsohon kasko da ƙasa da taki, na shuka su. Amma da na dubi yadda rana ke ƙuna, ga kaji ga awaki, sai tsoro ya kama ni. Na kai kaskon ƙuryar ɗakina, bayan randa, inda ko da tsakar rana duhu ne. Safe da yamma ina ba su ruwa. Ni a wautata gata nake yi musu.

Biyar suka tsiro. Da farko na yi murna, don tsawo suke yi kamar ana jan su. Sai dai farare ne fat, sirara, ganyensu ƙanana rawaya-rawaya, duk sun karkata wajen ƙofa. Na ƙara ruwa, na ƙara taki. Ran nan na tashi na tarar biyu sun kwanta sun ruɓe. Na zauna gaban kaskon ina kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

A haka uwar mijina ta same ni. Tsohuwa ce marar yawan magana, ni kuma don kunya ko ido ba na haɗawa da ita.

"Ɗiyata, mi kinka ɓoye nan?"

"Irin kabewar innata ne, Inna. Mutuwa suke yi, ban san abin da na rage su da shi ba."

Ta durƙusa da ƙyar, ta shafa ganye ɗaya da ɗan yatsa. "Yunwa suke ji."

"Wallahi kullum ina ba su ruwa."

"Ruwa sha ne. Cinsu rana ce. Taho ki gani."

Ta ja ni wajen wanke-wanke, inda ciyawa ba ta bushewa, ta sa na ɗaga wani tsohon turmi da aka kife. Ciyawar ƙarƙashinsa fara sol kamar kabewata, ta gefensa kuwa koriya shar. "Ƙasa guda, ruwa guda," in ji ta. "Wannan dai ba ta ganin haske."

Shekaru da yawa bayan haka, jikata mai koyarwa a makaranta ta gaya mini cewa koren nan na jikin ganye shi ke kama hasken rana, da ƙarfinsa ganye ke sarrafa ruwan da saiwa ta sha, har ya saki iskar da muke shaƙa. Na yi dariya na ce mata an riga ta, a gindin turmi.

Na ruga na ɗauko kaskon zan dire shi tsakar gida, tsohuwa ta riƙe mini hannu. "A'a. Sun daɗe cikin duhu, in kin ba su ranar duka ƙonewa za su yi. Hantsi kaɗai tukuna." Da hannunta ta kewaye su da ƙaya, sannan ta ce, "Kajin gidan ga ba su da kunya. Sai ki zauna nan ki yi tsaro."

Haka na riƙa fitowa kowace safiya, ni da tun dawowata daga gaisuwa sai dole ke fitar da ni ɗaki. Ita kuma sai ta jawo tabarma kusa da ni da kaɗinta. Rana ta farko kaɗinta kawai ta yi. Rana ta biyu, tana murza mazari, ta ce, "Wace irin mace ce innarki?" Na fara magana, ban tsaya ba har azahar. Ba ta ce in yi shiru ba, ba ta ce in daina kuka ba.

Kwana uku ganyen ya soma kore. Ɗaya ta ƙara mutuwa, biyu suka miƙe. Da ruwa ya sauka muka dasa su gindin danga, suka yi yaɗo har kan rufin ɗakina. Da kaka na yi miyar taushe na kai mata. Ta ɗanɗana, ta ce, "Allah ya jiƙan mai wannan iri." Sai ta matsa, ta ce in sa hannu mu ci tare.

Tun daga lokacin na gane cewa ba kowane tattali ba ne ƙauna. Wani tsoro ne kawai, kuma yana kashe abin da kake so kana tsaye a kansa da butar ruwa. Ko da na haifi nawa 'ya'yan, duk ranar da zuciyata ta ce in ɓoye su daga duniya, sai in daure in buɗe musu ƙofa, in zauna kusa.