Guntun Fayif a Ƙafar Babur

Yayana, wanda duk gidan muke ce wa Hamma, ya faɗi da babur a hanyar Iware, yana dawowa daga gona da buhun masara ɗaya a baya. Da la'asar ne, hanya a bushe, babu mota gabansa, babu bayansa. Kafin a iso da shi asibiti rai ya yi halinsa.

A zaman makoki Kawu ne ya fi kowa sanin abin da ya faru, ko da yake yana can garin Kona lokacin. Ƙanin mahaifiyarmu ne, mutumin da in ya yi ƙasa da murya, to so yake har na bakin ƙofa su ji. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ranar kasuwa ce fa. Kun dai san ranar kasuwa." Bai taɓa furta kalmar burkutu ba, bai kuma buƙata ba. Kafin kwana uku matan unguwarmu ta Mayo Gwoi sun ɗauka, suna yi wa Mama gaisuwa suna haɗawa da wani irin kallo.

Hamma ya sha a da, ban ɓoye ba. Amma shekara huɗu kafin rasuwarsa ya durƙusa gaban Mama ya ce ya bari, kuma ya bari. Wannan alkawarin ne Kawu ya zo ya ƙwace mata. Bayan an watse, sai ta sauke hoton Hamma daga bangon falo, ta cire har ƙusar, ta sa hoton a ƙasan akwati. Ko sunansa ta daina kira.

Babur ɗin ya yi wata biyu jingine da bangon ɗakin girki. Ni injin niƙa nake riƙe da shi, sifana ba baƙuwa ba ce a hannuna. Kullum in na wuce sai idona ya sauka kan wani tsumma da aka ɗaure a ƙafar gaba ta hagu. Ƙafafun gaba su ne bututun ƙarfen nan biyu da ke riƙe da taya, kowanne da sifirin da mai a ciki, su ke shanye ramin hanya. Hamma ya tsani tsumma a wurin nan. Yakan ce mai ɗaure tsumma yoyo yake ɓoyewa. Duk ƙarshen damina shi da kansa yake kwance su a tsakar gida, ya auna mai da tsohuwar fidar jarirai, ni ina riƙe masa. A shekarar ce kaɗai bai samu yi ba, domin Kawu ya ari babur ɗin mako uku yana jidar amfanin gonarsa, ya dawo da shi ana tsakiyar girbi.

Wata Asabar da safe na shimfiɗa buhu, na kifa turmi ƙarƙashin injin har tayar gaba ta bar ƙasa. Na cire wayar birki, na zare taya, na sauke madigadi. Kowane noti na ajiye shi a jere yadda ya fito. Mama tana kan kujerar tsugunno tana tsince wake, ta ba ni baya.

Ina cikin haka Kawu ya yi sallama. Bai taɓa kuskuren lokacin da tukunya ke kan wuta ba.

"A'a! Yau kuma makanikiya muka samu? Adda, kina zaune 'yarki za ta ƙarasa ƙarfen nan?"

Mama, wadda yake kira Adda, ta ce, "Sannu da zuwa."

"Ke, ba haka ake yi ba. Guduma ake sawa. Ni da na yi zaman gareji..."

Zaman garejin nan nasa wata nawa ne, ba wanda ya sani. Abin da aka sani shi ne a kan benci ya yi shi. Na ce, "To, Kawu," na ci gaba da abin da nake yi. Na sassauta murfin saman kowace ƙafa tun tana daure, yadda Hamma ya koya mini, sannan na kwance notocin da ke matse su, na zaro su ɗaya bayan ɗaya.

Ta dama na fara buɗewa. Murfin ya turo hannuna da ƙarfin da ban saba ji ba. Sai ga wani guntun fayif na ruwa a kan sifirin, an yanke shi da zarto, bakinsa duk kaushi. Na kifa ƙafar a roba, mai ya zubo baƙi ƙirin, mai kauri, irin wanda ake juyewa daga inji a zubar.

Na ɗaga fayif ɗin. Na juya shi a hannu. Kawu ya washe baki.

"Yawwa, kin ga dabara! Ni na sa aka saka masa. Wani yaron kirki a bakin hanya, ina tsaye a kansa ya yi. A da babur ɗin lagwai-lagwai yake kamar katifa. Bayan an sa wannan, buhu uku na ɗora, ko gezau."

"Ka faɗa wa Hamma?"

"Me zan faɗa masa? Gyara na yi masa, kyauta."

Hannun Mama ya tsaya a cikin wake.

Na ɗauko ta hagu, na kwance tsumman. Ƙarƙashinsa robar da ke tare mai ta yage, ƙura da maiƙo sun daskare a wurin. Na buɗe murfin. Nan ma fayif, amma ya fi na farko tsawo da kusan gaɓar yatsa, don da ido aka yanka, ba a auna ba. Na kifa ƙafar a roba. Na jira. Ɗigo biyu suka faɗo, shi ke nan. Na girgiza, sai sifirin ya zubo gida biyu.

Na ɗauki guntayen na duba bakin karayar. Ƙarfen da ya karye yau fari yake, yana ƙyalli, duk mai injin niƙa ya san wannan. Wannan kuwa bakinsa ya goge ya yi sulɓi, gefe ɗaya ya cinye ɗaya. Ya daɗe a karye yana gugar juna a ciki, ana hawa ana sauka.

Kawu ya ce, "Ai faɗuwar ce ta karya shi."

Na miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Tsumman fa, Kawu?"

"Ɗan yoyo ne yake yi, yana ɓata mini wando."

Mama ta ajiye faifan, ta taso. Tun da aka kawo babur ɗin ba ta taɓa matsowa kusa da shi ba. Ta karɓi bututun, ta zura yatsa ciki, ta zaro. Ta daɗe tana kallon yatsan. A bushe yake.

Ta ce, "In mutum ya faɗa rami da wannan, yaya ke nan?"

Na ce, "Gefe ɗaya ya tokare, gefe ɗaya ya nutse. Kan babur ya fizge daga hannunsa."

"Ko bai sha komai ba?"

"Ko ruwa bai sha ba, Mama."

Ta juya ta dubi ƙaninta. "Kai ka gan shi ran nan?"

"Adda, ni ban ce na gan shi ba. Cewa na yi ranar kasuwa ce."

"Ranar kasuwa ce," in ji Mama.

Sai Kawu ya tuna ana jiransa a wani wuri. Ranar ce kaɗai na ga ya bar gidanmu tuwo yana kan wuta.

Ba zan ce na san abin da ya faru a hanyar nan ba. Ba na wurin. Ƙarfe ba ya ba da labari duka. Abin da na riƙe a hannuna shi na faɗa, kuma ya fi abin da Kawu ya riƙe, shi da bai riƙe komai ba ya cika gida da magana.

Mako ya zagayo kafin na haɗa kayan: sifirin biyu sababbi, robobin tare mai, da man da aka yi domin wurin. Na wanke komai da kananzir na shanya. Na mirgina bututun a kan gilashin tebur, duka biyun a miƙe suke. Na ciro tsofaffin robobin da sukudireba, na shafa wa sababbin mai, na buga su a hankali har suka zauna daidai. Fayif ɗin nan biyu na jefa su a kwandon shara, sai Mama ta tsince su ta sa a taga, daidai inda baƙo ke zama. Ban tambaye ta ba.

Da na zo zuba mai, na ɗauko fidar daga cikin jakar kayan aikin Hamma. Akwai zanen da ya yi da wuƙa a jikinta. Na fara zuba man a ciki. Mama ta karɓa, ta ɗaga ta saitin haske.

"Ƙara kaɗan. Tsaya. Ya kai zanen Hamma."

Haka ta faɗa, kamar jiya ta kira shi. Muka auna na dama, muka auna na hagu, daidai wa daida. Na mayar da ƙafafun, na ɗaura taya, na sauke babur ɗin daga kan turmi. Na kama birki na danna gaban. Ya nutse a hankali, ya taso a hankali, babu ƙara.

Na fara tattara sifanu. Mama tana tsaye tana goge hannu da bakin zane.

Ta ce, "Bar gudumar nan a waje. Ki duba mini ko akwai ƙusa a jakar."