Fentin da Mama Ta Zaɓa

Sama da shekara ashirin muka yi muna haya a gida ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi. A nan aka haifi ƙannena, daga nan aka ɗauki gawar Baba zuwa ƙauyenmu a Filato. Mai gidan, wani dattijon Alhaji, bai taɓa yi mana fenti ba, bai kuma taɓa ɗaga wa mahaifiyarmu murya ba. Da ya rasu, babban ɗansa ya karɓi lamarin gidan.

Wata Asabar sai ga ɗan da mai fenti. Ya durƙusa ya gai da Mama, ya miƙa mata kati mai jerin kaloli.

"Mama, gidan nan naki ne. Ki zaɓi wanda ranki ke so, ni zan biya. Mai haske dai, ban da mai ɗaukar ido."

Mama malamar firamare ce da ta yi ritaya. Duk inda ta zauna a duniya, bangon da ta tarar shi take haƙuri da shi. Ta ware uku: ruwan madara, wani kamar kunun gyaɗa, da wani mai sirkin toka. Ni a idona duk fari ne da ya yi dauɗa. Ta sa mai fenti ya shafa kowanne a bangon falo, faɗin faifai. Kwana shida tana dubawa, da hantsi da la'asar. Har matan zumuntar cocinsu ta kira suka tsaya suna gardama.

Na ce, "Mama, ai duk ɗaya ne."

"Kai ba ka san komai ba. Mai tokar nan, in rana ta karkata, sai falo ya koma ɗakin asibiti."

Ta zaɓi kunun gyaɗa. Mu muka fitar da kaya tsakar gida, ita ta kankare baƙin hayaƙin kicin da hannunta, ta dafa wa masu fenti shinkafa da wake kwana uku. Ta kai wa tela yadin labule.

Warin fenti bai gama fita ba wani dillali ya zo da mutum biyu. Suna ɗaukar hoto da waya, Mama tana zuba musu ruwan sanyi, ta ɗauka 'yan uwan mai gida ne. Ina tsaye ɗayansu ya ƙwanƙwasa bangon falo ya ce, "Nan za a fasa, shago uku zai fita."

Bayan sun tafi ta kira ɗan Alhaji a waya, ta buɗe murya don in ji.

"Mama, ki yi haƙuri, magada ne suka matsa. Dillali ya ce gida ba ya sayuwa sai an yi masa fenti mai haske."

"To, ɗana, don me ka ce in zaɓa?"

"Na ga ke ce mai ido, Mama."

Ta kashe wayar. Ba ta yi kuka ba, ta aike ni wajen tela in ce ya dakata. Ya riga ya yanka.

Ciki da falo muka samu a Tarauni, bayan gidan mai injin niƙa. Rabin kayanta rabarwa ta yi don ba wuri. Ba ta sake bari adaidaita sahu ya bi da ita ta tsohon layinmu ba.

Bara na haɗu da ɗan Alhaji a gidan mai. Ya fito daga mota yana fara'a, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce yaya Mama da ƙarfin jiki. Na daɗe ina tanadin abin da zan gaya masa. Na ce lafiya lau, tana gaishe shi.