Rabin Waƙar Iya Tasalla a Birmingham

Bari in fara da wautata kafin 'yata Bilkisu ta riga ni bazawa. Na tashi daga Ƙaraye har Ingila da gafaka fanko a rataye, wai in zubo takardun kakana a ciki in dawo da su gida. A tunanina abin kamar karɓo ajiya ne: ka yi sallama, ka faɗi sunan ubanka da na kakanka, a ce "Allah sarki, kai ne jikan?", a miƙo maka. Tsohon direban babbar mota ne ni, karatuna bai wuce 'yan izu kaɗan na allo ba, sai abin da ake rubutawa a bayan mota. Saboda haka a yi mini uzuri.

Ga asalin maganar. A zamanin Turawa, wani Bature mai yawon tara tatsuniyoyi da waƙoƙi ya sa kakanmu Malam Idi ya rubuta masa waƙar daɓe ta matarsa, Iya Tasalla, da ajami. Yaran yanzu ba su san daɓe ba: kafin siminti, mata ne ke taruwa su bubbuge ƙasar ɗakin amarya da madaɓi har ta yi sumul, ɗaya na ba da waƙa, saura na amsawa. Yayata Hansatu tana ƙarama cikin masu amshi take. Yanzu ta tsufa, ido ya tafi, jiki ya ƙi. Amshin nan duk yana bakinta, amma baitocin da ake amsa wa sun bi Iya Tasalla kabari. Takan ce, "Amshi ya cika mini baki, ba abin da zan amsa wa." Da Bilkisu, wadda ke karatun haɗa magunguna a Manchester, ta gano takardun suna wani ɗakin ajiya a Birmingham, Yaya ta kama hannuna ta ce, "Sule, ka je ka jiyo mini su tun ina da kunne."

Longsight

Mun bar gidan su Bilkisu da ke unguwar Longsight a Manchester gari bai gama wayewa ba, ana yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa mutum sai a hankali, kamar gulma. Mahauta na ɗaga ƙofofin shaguna, 'yan kasuwa na kafa rumfuna. Muka hau bas mai bene a titin Stockport. Na nace sai sama, kujerar gaba, don in ga yadda direba ke yanke kwana. Sai da na zauna na gane ina bisa kansa ne, ba na ganin komai nasa. Duk kwanar da ya sha sai ƙafata ta taka birkin da babu shi.

"Baba, mutane na kallonka," in ji Bilkisu.

"Su kalla. In muka isa lafiya da taimakona ne."

A hanya ta nuna mini wani ɗakin karatu na unguwa da kwaɗo a ƙofa. Ta ce council, wato ƙaramar hukumarsu, ita ce ta rufe shi, shekarun tsuke bakin aljihu ake ciki, ko'ina ana rage ma'aikata. Ta ce can ma inda za mu, kwana biyu kacal suke buɗewa a mako, shi ya sa za mu kwana a Birmingham don mu yi sammako.

Hanyar Birmingham

Daga tsakiyar gari muka shiga doguwar bas. Direban wani dattijo ne ɗan Jamaika mai furfura a gemu. Na sa Bilkisu ta gaya masa ni ma ɗan hannu ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya me nake ɗauka. Na ce shanu da albasa. Ya ce shi ma kusan haka ne, sai dai nasa suna kai ƙara ofis.

Tafiyar awa biyu ce da wani abu. Ba shinge, ba ɗan sanda da tocila, ba rami ko ɗaya da mutum zai nuna gwaninta a kansa. Tumaki a filaye kore shar, ba makiyayi. Na yi niyyar in ƙare wa ƙasar kallo don in ba ku labari, amma gaskiya barci ya sace ni tun kafin rabin hanya. Abin da ke tsakanin nan da Birmingham sai ku tambayi Bilkisu.

Gidan Bulus

Mun sauka wurin ƙawar Bilkisu, Saratu, ma'aikaciyar jinya 'yar Zonkwa, da mijinta Bulus. Shi aikin council yake yi har ragin ma'aikata ya biyo ta kansa, yanzu shi ke riƙe da girki, kuma ban ga alamar yana jin kunya ba. Ya yi mana gwaten acca da yakuwa, na ci har na kwance maɓallin wuya. Ya shimfiɗa mini darduma ya nuna mini alƙibla da wayarsa ba tare da na tambaya ba.

Da ya ga gafakar ya ji abin da na zo yi da ita, ya yi dariya har da riƙe bango.

"Baba, abin da ya shiga hannun mutanen nan da lamba a jikinsa, ko kai ne aka manna wa lamba ba ka fita."

"To su ba ni aro."

"Za su ba ka aro. Na zaune."

Ɗakin takardu

Da safe muka isa. A bakin ƙofa aka raba ni da gafaka, da babbar riga, da biro, har da goron da ke kumatuna. Mai kula da ɗakin wata Baturiya ce siririya mai tabarau a rataye, ita kaɗai, ita ce mai ɗauko takardu, ita ce mai gadi, ita ce mai amsa waya. Ta ce in je in wanke hannu. Ni kuwa da na ji takarda mai haruffan Larabci zan taɓa, sai na yi alwala cikakkiya, na fito gemu na ɗiga. Ta zaunar da ni gefe kamar wanki, sai da na bushe.

Ta kawo kwali, ta buɗe a kan wani matashin soso. Takardu ne jajaye-jajaye, tawada ta koma ruwan ƙasa, wasulla da jan alli. Hannun Malam Idi. Ban taɓa ganinsa ba, ya rasu kafin a haife ni, amma ga inda alƙalaminsa ya ɗiga, ga inda ya goge da yatsa. A saman shafi Baturen ya rubuta da fensir, Bilkisu ta karanta mini: waƙar mata, daga bakin matar malamin. Ko sunanta babu.

Na gyara zama, na fara. "Maa... laam... yaa..."

Masu karatu biyar da ke ɗakin suka ɗago kai. Baturiyar ta ɗora yatsa a leɓe. Bilkisu ta raɗa mini, "Baba, a zuci ake karantawa."

Jama'a, a nan asirina ya tonu. Ni ban iya karatu a zuci ba. Yadda aka koya mini, sai na ɗaga murya ina rangaji, baki ya faɗa, kunne ya ji, sannan kai ya gane. Na rufe baki na zura wa shafin ido, haruffan suka tsaya cik kamar jerin tururuwa da aka zuba wa toka. Na gwada motsa leɓe kawai, sai gunaguni ya kuɓuce, wani mai sanƙo ya yi gyaran murya. Bilkisu kuwa boko kaɗai ta iya. Ta roƙi a bar ta ta ɗauki hoto, aka ce waɗannan takardun sai da izinin magadan Baturen, kuma amsa kan ɗauki watanni. Ta tambaya ko akwai wani ɗaki da zan yi karatu da murya. Matar ta ce akwai, amma sai da ma'aikacin da zai zauna da mu, kuma abokan aikinta biyu an sallame su bara. Ƙarfe uku za ta rufe.

Na zauna ina kallon waƙar a gabana, tazarar taƙi ɗaya, ina tuna Yaya Hansatu a kan tabarma tana jiran waya. Watanni ba abin da zan yi mata alkawari ba ne.

A teburin da ke kusa da ni akwai wata mata gajeruwa, dogon kitso ɗaya har baya, da riga saƙaƙƙiya mai launuka kamar an zuba kayan koli. Na lura ita ma leɓenta na motsi, tana haɗiye sautin kamar mai cin abu a ɓoye. Muka haɗa ido, ta yi murmushin ɓarawon da ya gane ɗan'uwansa.

Da rana ta yi, masu karatu suka fita cin abinci ɗaya bayan ɗaya, ya rage daga mu sai ita. Ta matso, suka yi ƙus-ƙus da Bilkisu. Sunanta Marta, daga ƙasar Gwatemala, 'yar ƙabilar Maya. Littafin da ke gabanta na magunguna ne da lissafin kwanaki, da harshensu, amma da baƙaƙen boko da limaman coci suka koya wa kakanninsu. Ta ce da suna da rubutunsu na kansu, waɗanda suka ci ƙasarsu da yaƙi suka ƙone mafi yawa, 'yan kaɗan da suka tsira yawancinsu suna Turai. Wannan kuwa wani ne ya saye shi a ƙauyensu, ya bi hannu-hannu, daga gwanjo zuwa gwanjo, har ya ƙare a nan. Ta ce akwai kalmomin da ba ta gane su sai ta ji su a kunne, don yadda aka rubuta daban, yadda kakarta ke faɗa daban.

Na ce, "Gaya wa Hajiya Marta ciwonmu ɗaya."

Su biyu suka je wurin Baturiyar. Ta dubi kujeru fanko, ta dubi agogo, ta dube ni ina yi mata fuskar maraya. Ta tashi ta rufe ƙofa ta jingina da ita, ta ce kafin mutane su dawo, ita ba ta jin komai, kunnenta na hutun rana. Da Bilkisu ta nuna mata waya ta yi bayanin Yaya, sai ta cire tabarau ta ce ai ganinta ma ya tafi hutu.

Aka kira gida. Jikar Yaya ta kara mata wayar. Na ce, "Yaya, ki shirya." Na yi bisimilla, na kama rangaji, ina tafiya harafi-harafi kamar mota a hawan dutse:

"Malam ya ce zai zo ya taya mu."

Sai ƙarar layi. Sannan wata 'yar murya siririya, wadda ban san Yaya da ita ba, ta fito daga wayar:

"Ya zo, ya zo, da ludayi ya zo!"

Bilkisu ta toshe baki. Wato Malam Idi da hannunsa ya zauna ya rubuta rabin zambon da matarsa ta yi masa, ni kuma na yi wa zambon alwala. Na ci gaba:

"Masu daɓe sun gaji, a ba su guru."

"Guru?" in ji Yaya. "Dambe muke yi? Goro ne, sakarai! Sake!"

A ajami duk ɗaya ake rubuta su, amma ban tsaya kare kaina ba, na sake. Ta amsa. Na ba da na gaba:

"Farin baƙo na son waƙar mata."

"A ba shi madaɓi, ya ji ta a kafaɗa!"

Baturiyar ta tambaya me aka ce. Bilkisu ta fassara mata tana jin nauyi. Matar ta yi dariya har ta dafa ƙofa, ta ce da ma an ba shi.

Haka muka bi shafi huɗu. Baitoci kawai Malam ya rubuta, amshi babu ko ɗaya a takardar. Ina tuntuɓe, Yaya na zagina tana amsawa, Bilkisu na bin bakina da fensir tana mayarwa boko. Marta na buga tafin hannunta a cinya daidai inda madaɓi zai sauka, ba wanda ya koya mata. Baiti na ƙarshe gajere ne:

"Ɗakin da na daɓe, ba ni zan kwana ba."

Yaya ta amsa a hankali:

"Mai kwana ciki, ki tuna da hannuwa."

Sannan ta ce, "Iya Tasalla ke nan. Alhamdu lillahi. Kashe wayar, kar ku cinye kuɗin yarinya."

Saura 'yan mintoci, na ce wa Marta layinta ne. Ta karanta nata da murya, harshe mai ƙyas-ƙyas a maƙogwaro kamar namu ƙa da tsa. Ban fahimci ko kalma ba, amma duk inda ta tsaya na ce "Na'am," don bai kamata mutum ya yi karatu ba mai amsa masa. Sau biyu ta tsaya ta buga goshi ta yi rubutu da sauri. Kafin mu fita Bilkisu ta faɗa wa Baturiyar sunan mai waƙar, ta rubuta Tasalla a katin kwalin, ta nuna mini in duba. Na duba da kyau kamar na iya.

Komawa

Mun koma Manchester da yamma, wani direban daban, matashi, yana taka birki kamar yana tsoron ya ji masa ciwo. Na ƙara mako biyu a Longsight ina cin ƙosan da Bilkisu ke soyawa da garin wake na leda, sannan na hau jirgi zuwa Kano, na iso Ƙaraye lafiya. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Bulus da Saratu, da Hajiya Marta duk inda take, da baiwar Allah mai tabarau wadda kunnenta ya san lokacin tafiya hutu.

Washegarin isowata na je wurin Yaya da takardar Bilkisu. Jikar Yaya na karanta mini boko ina bayarwa, Yaya na amsawa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. 'Yan matan gidan suka tsaya suna dariya, ɗaya ta tambaya mene ne madaɓi. Da muka gama Yaya ta sa na kwatanta mata inda takardun suke. Na gaya mata komai: kwali, matashin soso, ɗaki mai sanyi, wanke hannu, mai gadi.

Ta gyaɗa kai tana shafa simintin da take zaune a kai.

"To, rabin Malam ya samu gata," ta ce. "Nawa rabin fa, Sule? In na tafi, wa zai amsa maka?"