Mamuda mai yin ƙanƙara cikin ɗari

Duk mai bi ta bakin tashar Magariya ya san Mamuda mai ƙanƙara, Allah ya jiƙansa. Amma da yawa abu guda suka san shi da shi, wai shi ne mutumin nan da ke yin ƙanƙara cikin ɗari yana zubarwa. Ni Sule mai shayi, teburina yana jikin butik ɗinsa, ɗan shagon da yake sayar da ƙanƙara, tare muka tsufa a wurin, kuma na san dalili.

Ɗan Yekuwa ne. Ya shigo Magariya yana saurayi bayan wata damina da ba ta yi ba. Ya yi dako, ya tura kurar ruwa, ya yi kabu-kabu, har Allah ya hore masa tsohon firigo irin na kwance, mai ƙarafa baƙaƙe a baya kamar raga. Da shi ya kama sana'a. Ya ƙulla ruwa a leda, ya daskare, ya ɗora a moto, babur ɗinsa, ya bi kasuwannin ƙauye. Ba mai yawan magana ba ne. In ya zauna a bencina, shayi ba madara yake sha, ya yi ta murza gwiwa.

Ɗakinsu yana bayan butik, bango ɗaya ya raba. Shi da matarsa Salima sun haifi yara, amma Ikram kaɗai ta rayu, ita ma da amosanin jini ta zo. Mai wannan ciwo ba ya shiri da sanyi. Da ɗari ya shigo sai ƙasusuwanta su kama, ta yi ta nishi ƙasa-ƙasa don kada uwarta ta ji. Daga nan sai likita, sai ƙarin ruwa. Mamuda ya dawo ya zauna a bencina, idanunsa sun faɗa.

Da farko garwashi suke sa mata a kasko, kamar kowa. Wata safiya Salima ta tashi kanta na juyawa, ta taɓa yarinyar ta ji ta saki. Da ƙyar aka farfaɗo da ita a tsakar gida. Majo, babban ma'aikacin likita, ya ce garwashi a ɗaki rufe kisa yake yi. Tun ranar kasko bai sake shiga ɗakin ba.

Ni na ba shi shawarar gaz, don da shi nake dafa shayi. Ya sayar da tunkiya ya sayi butel, tukunyar gaz. Ɗaki ya ɗumama kam, nan da nan ma. Amma butel ɗin da ke kai Salima wata guda tana girki, in aka bar shi yana ci don ɗumi, kwana kaɗan ya ƙare. Wani lokaci a nemi gaz a garin a rasa, sai an aika Damagaram. Ga wuta a buɗe kusa da gidan sauro, dole wani ya zauna gadinta, kuma dole a bar taga a buɗe, ɗumin da aka saya yana fita ta nan.

Wata rana da hantsi ya tarar da Ikram ta lallaɓo butik, ta raɓe tsakanin firigo da bango tana barci. Ya kai hannu wurin ya ji ɗumi. Shekara da shekaru yana tare da abin nan, bai taɓa kula ba.

Da yamma na ji ana fasa bango. Na leƙa na same shi da diga.

"Mamuda, rushe gidan za ka yi? Mai gida ya sani?"

"Na gaya masa taga zan yi."

"Taga a ƙasa? Ta kaji ce?"

Ya ajiye diga ya ce, "Zo ka taɓa nan, mai shayi. Abin nan ba sanyi yake ƙerawa ba. Zafin da ke cikin ruwa yake kwashewa ya tura ta baya. Ni kuma ina barinsa yana tafiya a banza."

Ya tura bayan firigon cikin ramin, ya toshe gefe da tsumma da laka, ya jawo gadon Ikram kusa. Gaban firigon na butik, bayansa na ɗaki. Ba zafi ne na kirki ba, ɗumi ne kamar na jikin mutum. Amma babu hayaƙi, babu harshen wuta, kuma ana rufe taga.

Wahalar ita ce, in ruwan ciki ya gama daskarewa sai injin ya yi shiru, ɗumi ya tafi. Dole a kwashe ƙanƙarar a zuba sabon ruwa. Wa zai sayi ƙanƙara cikin ɗari, mutane na hura hannu? Ko mai kifi ba ya tambaya. Sai ya daina ƙullawa a leda, ya koma cika bokitai da yamma. Da safe ya juye su a gindin wani ɗan lemun tsami da ke tsakar gida.

'Yan tasha suka samu abin yi. "Mamuda, a ba mu ta dala biyar mu ji ɗumi mana." Wani ya ce, "Lemun nan ya fi mu gata, ruwan firigo yake sha." Shi dai ya ce, "Ku jira azumi, za ku zo kuna kirana Alhaji."

Ni da shi mun sha gardama. In faktir ɗin kuran, takardar kuɗin lantarki, ya zo na ce, "Da gaz ɗin ka saya, ai da ka huta da ɗaukar bokiti." Ya ce, "Na gwada naka, Sule. Naka ya fi sauri, nawa ya fi jimawa. Kuma nawa ina iya rufe ido." Gaskiya kowanne da cinsa. In aka ɗauke kuran, wanda ba a faɗa wa kowa ranar dawowarsa, nasa bai da amfani. Ran nan sai in rufe shayi da wuri in miƙa masa butel ɗina ta kan katanga. Ya yi ta zancen pano mai aiki da hasken rana da bateri, har ya je ya tambayi kuɗinsu. Ya dawo ya ci gaba da cika bokitansa.

Ciwon Ikram bai warke ba. Amma zuwa likita ya ragu, har ta zauna a lakwal tana karatu, ta kai aji na gaba. Hannun Mamuda kuwa duk ya tsattsage, bayansa ya ranƙwafa. Ya gaji, kowa na gani.

Ba sanyi ne ya ɗauke shi ba. Cikin zafin bazarar bana ne, ya kai ƙanƙara kasuwar Sassumbrum, ya sauke kaya ya ce kansa na sara, ya zauna a inuwa. Bai tashi ba. A amalanke aka fito da shi bakin hanya. Har yau in na zuba shayi ba madara sai hannuna ya tsaya.

Bayan Salima ta fita takaba, wansa Zakariya ya zo daga Yekuwa don rabon gado. Mutumin kirki ne, shi ma talauci ya ci shi. Abin da aka bari moto ne da firigo, Zakariya kuma ya zo da mai sayen firigon daga Dungas. Salima na ɗaki, kunya ta hana ta magana. Ni ma ba dangi ba ne, na tsaya bakin ƙofa.

Suka ja firigon, laka ta zube, rami ya bayyana. Ta cikinsa ana hango ƙafar gado da bargo a ninke.

Zakariya ya ce, "Malam Sule, wannan fa?"

Na gaya masa duka. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon ramin. Ikram ta leƙo ta ciki ta ce, "Baffa, ina wuni."

Ya ce, "Lafiya lau, 'yata." Ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya dubi mai saye. "Ka yi haƙuri, mun wahalar da kai. Kama mu mayar." Moto aka sayar, firigo ya faɗa rabon Ikram.

Da zai tafi ya ce mini, "Amma wa zai riƙa ɗaukar bokitan? Salima ba za ta iya ita kaɗai ba."

Yanzu ɗari ya shigo. Da yamma ina cika bokitai kafin in kunna wutar shayi, da safe in juye. Ban san aikin yana da nauyi haka ba, bai taɓa faɗa mini ba. Injin ya fara wani ƙara da ban gane ba, faktir kuma na nan tafe. 'Yan tasha sun daina tsokana, ni kuwa da sun ci gaba da na fi so. Jiya Ikram ta tsinko lemu daga bishiyar ta ajiye a teburina, ta ce in matsa wa masu shayi.

Allah ya sa kabarinka ya fi ɗakin nan daɗi, Mamuda. Yarinyar ta kwana lafiya.