Inna da Sunan Aro

Jiya tulun ruwana ya suɓuce ya fashe a ƙofar ɗaki, a nan unguwar Madain Fahd. Na tsaya ina kallon kasake, sai ga Karantina, tsohuwar unguwarmu, a idona, ga Inna tana guga.

Bari in gaya muku: Inna ba da sunanta ta rayu ba. Ta zo umara ta maƙale, ba takardar zama. Da yayarta ta rasu a ɗaki, Kawu ya hana a sanar da hukuma, ya miƙa wa Inna iƙamar mamaciyar, wato katin izinin zamanta. Lokacin ba a fara ɗaukar zanen yatsa ba. Maza suka yanke magana a zaure, ba wanda ya tambaye ta. Daga ranar aka haramta sunanta har a cikin gida, kada bakin yaro ya suɓuce a gaban askari, ɗan sandan ƙasar nan.

A shagon ɗinkin mata inda take guga akwai wata tsohuwa 'yar Indiya, ba Musulma ba, mai ƙanshin man kwakwa. Da rani, in zafi ya hana aiki, su kan zauna kusa da tulu, ni ina gefe. Wata rana ta ga Inna tana hawaye, ta ƙwanƙwasa tulun, ta ce da guntun Larabcinta: "Iskar ciki da iskar waje ɗaya ce, ƙasa ce kawai ta raba su. Haka aka koya mana. Suna tulu ne. Ni, ke, yayarki, kullu wahid, duk ɗaya."

Inna ta goge ido ta ce, "Na ji, hajiya. Amma a fara ba ni tuluna tukuna, in fasa shi da hannuna."

Tsohuwar ta koma kan aikinta. Ita ma fasfonta yana hannun kafili, ubangidan da ya kawo ta aiki.

Shekara ashirin bayan nan, a gadon asibiti, Inna ta riƙe hannuna. "Kira ni da sunana," ta ce, "sau ɗaya kawai." Na san sunan sarai. Amma ga nas a tsaye da takarda, ga tsoron da aka shayar da ni tun ina goye, ga kunyar 'ya mai kiran sunan uwa. Na ce, "Inna, sai an jima." Kaico! Kafin la'asar ta cika.

Da sunan yayarta aka rubuta takardar mutuwa. Kabarin nan ƙasar kuwa ba a sa masa alama.

Yanzu an rushe Karantina, shago da zaure duk sun zama fili. 'Yata, wadda Larabci ya fi mata sauƙi, ta ce maganar tsohuwar nan babbar falsafa ce, malamai suna rubutu a kanta. Wataƙila. Ni dai har yau haushin Kawu nake ji, na kaina ya fi.

'Yar tawa na sa wa sunan Inna na gaskiya. Duk da haka in zan kira ta sai na waiga.