Idon Hagun Yaya

Yayana mai guga ne a ɗakin wanki na wani otal, can ƙasan bene inda babu taga sai wata fanka mai ƙara. Shekararsa goma sha tara a wurin. Abokan aiki Ido Huɗu suke ce masa, shi ma yana amsawa, har yakan ce su gode wa Allah da bai zo musu da shida ba. Tabaraunsa kamar gindin kwalba yake. Da ya danna dutsen guga tururi ya taso, sai gilashin ya yi fari fat, ya tsaya ya goge da gefen riga, ya ci gaba.

Da harara-garke aka haife shi, idon hagu yana kallon hanci. Yana ɗan shekara biyar aka yi masa aiki, idon ya miƙe, amma ganin bai gyaru ba. In ya cire tabarau, fitilar titi da jela yake ganinta, rubutu kuwa kamar an goga hannu a kan ɗanyar tawada. Tuƙin babbar mota ya so ya yi. Sau biyu yana faɗuwa gwajin ido, sai ya haƙura.

Wata rana kukun otal ɗin ya dawo daga hutu ba tabarau a fuskarsa. Ya ce aikin leza aka yi masa, haske ne ake gyara ido da shi, minti goma an gama. Da yamma Yaya ya zo gidana da wata fara'a da ban san shi da ita ba.

“Auta, ranar Talata za ki raka ni asibitin ido,” ya ce. “An ce in sun ɗiga mini magani a ido, ba zan iya tsallaka titi ni kaɗai ba.”

Har baƙin gilashi ya saya, irin na samari, yana aljihunsa.

Mun wuni a asibitin. Daga wannan na'ura a kai shi waccan, a ce ya ɗora haɓa, kada ya ƙifta. Daga ƙarshe aka shigar da mu wurin likita, wata dattijuwa mai magana a hankali. Ta juyo mana da allon kwamfuta, ga zanen idonsa ja da shuɗi.

“Malam, ba zan ɓoye maka ba,” ta ce. “Tantanin da ke gaban baƙin ido ya kamata ya zama a zagaye. Naka ya lanƙwashe gefe guda kamar bayan cokali, kuma sosai. Leza kankare shi take yi, naka kuwa ba shi da kaurin da za a kankare. Sannan tabaraun nan yana taimaka wa idanun su tsaya daidai. In muka taɓa, hagun na iya sake karkacewa, ka riƙa ganin abu bibbiyu.”

“Ko na dama kaɗai, Likita?”

“Na daman ne ke ciyar da kai. Ba zan yi kasada da shi ba.”

Yaya ya murza gwiwa. Can ya tambaya ko aikin da aka yi masa yana yaro ne ya ɓata hagun.

“A'a, wanda ya yi aikin nan ya iya. Amma bayan aiki akan rufe ido mai lafiya da filasta na wasu watanni, don raggon ya koyi gani. Ba a rufe maka ba?”

“An rufe,” in ji Yaya. “Kwana uku.”

Ni ma na san labarin, don Innarmu ta sha ba mu shi tana dariya: yadda ya yi ta kuka yana karo da bango, ta kasa jurewa, ta ɓare filastar ta jefar. Likita ta ce yanzu lokacin wannan ya wuce. Ta rubuta masa sabon tabarau.

Da muka fito, rana ta soke masa ido saboda maganin. Ya ciro baƙin gilashin ya ɗora a kan tabaraunsa, ya kama hannuna. A bakin titi ya ce, “Auta, maganar filastar nan ta tsaya tsakaninmu.”

Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana jiranmu, ƙafarta mai ciwo a kan matashi.

“Babban mutum, yaya aka yi?”

“Inna, sun ce idona ya fi ƙarfin injinsu.”

Ta yi dariya har da tari. “Ai na faɗa maka. Idon da na kwana asibiti a kansa, me ya rage a gyara?”

“Haka ne, Inna.”

Shekara biyu ta ƙara a duniya. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya biya ya shafa mata magani a ƙafa, ya gyara mata matashi. Sai dai hirar ta ragu. Yakan zauna a gefen gado yana ta goge tabarau, ita kuma ta yi ta tambayata ko wani ne ya ɓata masa rai a wurin aiki. Nakan ce mata gajiya ce.