Ramnon Taya a Dandamalin Dundaye

Har in mutu ba zan manta da ranar da muka tayar da injin ruwa na Dundaye karo na uku ba. Zamanin soja ne, arzikin mai ya shigo, ko'ina a Sakkwato gini ake yi. Ni ne helma, wato shugaban leburori, a wani kamfanin gine-gine.

Aikinmu zuba dandamalin kankare da za a ɗaure injin a kai. Sau biyu muna zubawa, jijjigar injin tana tsaga shi. Injiniya ya kira ni ya ce in ya sake tsagewa, in nemi wani aikin. Hankalina ya tashi, ga iyali.

Cikin leburorina akwai Baba Ummaru, tsohon maginin laka daga Ƙofar Atiku, wanda yayin siminti ya kashe wa kasuwa. Ni kaina kallon ɗan dako nake masa. Ya duba tsagar ya ce, “Helma, kankaren ga naka ƙarhi garai, amma ba shi da haƙuri. Mu da munka gaji gini, ba mu kwaɓa ƙasa sai da ramno.”

Ramno ciyawa ce da ake sarawa a cikin laka don kada bango ya tsage. Na ce, “Baba, ciyawa cikin siminti? Ruɓewa za ta yi.”

“To, a nemo ramnon da ba shi ruɓa.”

Ya ja ni Tudun Wada wurin masu yanka takalman taya, muka kwaso buhu biyu na ɓarɓashin da suke zubarwa. Ya rage tsakuwa kaɗan, ya barbaɗa taya da hannunsa, yana taka kwaɓin da ƙafa. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in sa shi a ginshiƙi. Injiniya ya ce ba ruwansa, wuyana ne.

Muka zuba dandamalin. Bayan mako uku ana ba shi ruwa, aka tayar da inji. Na dafa dandamalin. Inji yana ruri, amma jijjigar da na sani ta lafa. Injiniya ya durƙusa yana neman tsaga har la'asar, bai samu ba.

Da ya miƙe sai ya tambayi Baba makarantar da ya yi.

“Ranka shi daɗe, ƙasa ta karantar da ni.”

Shekara biyu ina ɗora wa mutumin nan kwanon kwaɓi a ka. Daga ranar, ban sake ɗaukar lebura ba sai na tambaye shi sana'ar gidansu.